Ɗana, kada ka tsallake babin IR

Assalamu alaikum ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Mamanka ta ce kana shirin tsallake babin IR a darasin kompaila, wato manhajar da ke fassara shirin kwamfuta zuwa harshen na'ura, wai ya ƙi shiga kanka. Don Allah kada ka yi haka, a nan gizo ke saƙa.

IR harshen tsakiya ne, tsakanin abin da ka rubuta da abin da furosesa ke ganewa. Ka ɗauka akwai harsunan rubuta shiri 5 da nau'in furosesa 4. In kowane harshe sai an fassara shi kai tsaye zuwa kowace na'ura, fassara 20 ke nan. Da harshe guda a tsakiya, 9 sun wadatar: 5 na shiga, 4 na fita. Shi ya sa Clang, kompailan harshen C, da harsunan Rust da Swift duk suka jingina da LLVM, tsarin gina kompaila mai nasa IR, aikin da Chris Lattner da Vikram Adve suka fara a Jami'ar Illinois a 2000.

Layi kamar x = a + b * c, kompaila kan tsinka shi biyu: t1 = b * c, sannan x = a + t1. Kowane layi aiki ɗaya tak. Wannan ba wuya.

Inda na san ka maƙale shi ne SSA, wani salon rubuta IR, don ni ma can na sha wuya. Ƙa'idarsa ita ce kowane suna sau ɗaya ake ba shi ƙima. In x ya canza, sai a raɗa masa sabon suna, x2. To idan hanya ta rabu biyu, kowace ta ba x tata ƙimar, suka dawo suka haɗu fa? Nan wani umarni mai suna phi ke tsayawa, ya zaɓi ƙimar hanyar da aka biyo. Sai da na zana akwatuna da kibiyoyi a takarda, ina bi da yatsa, kafin na gane shi.

Daren nan ka rubuta ɗan shiri da C mai tara lambobi daga 1 zuwa n. Ka ba clang tare da -S -emit-llvm don ya fito maka da IR, da farko -O0 (ba tare da ingantawa ba), sannan -O2 (tare da ingantawa). Na farkon cike yake da load da store, wato ɗauko ƙima daga ma'ajiya da mayar da ita. A na biyun ka nemi zagayen da ka rubuta; zai yi wuya ka same shi, an mayar da shi lissafi na 'yan layuka.

Ka turo mini duka biyun mu duba tare. Allah ya yi maka albarka.

Babanka