Wasiƙa daga Kano: Yaƙin Boma a Fim ɗin Amurkawa

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ya sanyin Ingila? Mu ma nan hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari. Hajiya tana gaishe ka, ta ce ko waya ka daina yi mata.

Wani tsohon fim na kalla a intanet, tun daga lokacin abin yake cina, na ce kai ne za ka gane. Sunansa Objective, Burma!, na 1945, Errol Flynn ne jarumin. Sojojin lema na Amurka ne aka sauke a dajin Boma su tarwatsa wata tashar Japanawa ta hango jirage, daga nan hanyar dawowa ta toshe, suka yi ta ratsa daji da ƙafa. A matsayin fim ba laifi, yana riƙe mutum. Amma wanda bai san tarihi ba zai tashi da cewa Amurkawa ne suka ci yaƙin Boma su kaɗai.

Amurkawa sun je, ba a musu. Akwai rundunarsu da ake kira Merrill's Marauders, mutum wajen 3,000, su ne suka kama filin jirgin Myitkyina a Mayun 1944 tare da sojojin Sin. Sai dai da ƙafa suka shiga, da alfadarai, ba da lema ba. Nauyin yaƙin kuwa yana kan Runduna ta 14 ta Birtaniya, ƙarƙashin Janar Slim, wadda yawancinta Indiyawa ne, sai Gurka 'yan Nepal, sai Ingilishi, sai mutanen Afirka ta Gabas da ta Yamma. Dajin ma da ake nunawa a Kalifoniya yake.

Ka san abin da ya fi ba ni dariya? Da fim ɗin ya isa Landan, jaridunsu suka yi caa a kansa, wai an shafe su daga yaƙin da suka zubar da jini. Cikin mako guda aka janye shi daga silima, bai dawo ba sai 1952, shi ma sai da aka ƙara masa bayani a farko. To su da aka taɓa sau ɗaya ke nan. Mu fa?

Runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma duka sun yi yaƙi a yankin Arakan da ke yammacin Boma, kuma kaso mai yawa na mutanensu 'yan Najeriya ne, har Hausa ce harshen da hafsoshin Turawa suke koya don su yi magana da kuratan. Ta 81 ta shiga kwarin Kaladan, inda mota ba ta shiga. Daga sama ake jefo musu abinci, sauran kaya kuma a ka ake ɗauka, akwai ƙungiyoyi na musamman da aikinsu ke nan, dako, da yawansu ko bindiga ba a ba su ba. A Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka kama garin Myohaung. Bataliya uku ta Najeriya kuma suna cikin Chindit, wato rundunar musamman ta Janar Wingate na Birtaniya, a 1944, can bayan layin Japanawa.

Ka tuna tsohon sojan nan mai gadi a layinmu na Fagge, wanda muke tsokana mu ce ya yi mana fareti? Yakan naɗe wando ya nuna mana tabon matsattsaku a ƙwaurinsa, ya ce da wutar taba suke cire su, kuma damina ɗaya a can ta fi goma a Kano. Mu dariya muke yi, muna ɗauka shaci-faɗi ne. Allah ya jiƙansa.

Sunayen wannan yaƙin ma suna gabanmu kullum: barikin Chindit a Zariya, Kalapanzin a Kaduna, Arakan da Myohaung a Legas. Tambayi direban da ke wucewa ta ƙofarsu kullum, da wuya ya ce maka daga Boma aka kwaso su. Ni ban cika ganin laifin Amurkawa ba, kowa gonarsa yake nomewa. Namu masu shirya fim na Kano nake jira, ga labari a ƙasa, ga jikokin mutanen da rai, amma kullum soyayya da rikicin kishiya.

Tunda kana kusa, don Allah idan ka shiga Landan ka leƙa gidan tarihin yaƙi, Imperial War Museum, suna da hotunan sojojin Afirka ta Yamma a Boma. Duk wanda ka gani mai tsagar fuska irin ta nan, ka ɗauko min a waya, ina so in nuna wa yara.

Ka gaishe da maiɗakinka da su Abba. Yaushe za ka shigo, da azumi ko sai babbar salla?

Wassalam,
Amininka na Fagge