Amsa Ga Malamin Da Ya Soke Kalmar "Nickname" A Takardar Ɗalibinsa

Assalamu alaikum, Malam.

Na ga tambayar da ka aiko mini ta shafin wasiƙun masu karatu, inda ka ce wani ɗalibinka ya rubuta a jarrabawa cewa George Eliot shi ne "nickname" ɗin marubuciyar Ingila Mary Ann Evans, ka soke amsar, shi kuma ya kawo ƙorafi cewa ƙamus ɗinsa ya fassara kalmar da laƙabi. Ka tambaya ko ka zalunce shi, da kuma ko ya kamata a karɓa da "alias" ya rubuta. Ba ka zalunce shi ba, kuma "alias" ɗin ma ba ta dace da wannan wuri ba.

Abin da ya raba waɗannan kalmomi a Turanci shi ne wanda ya raɗa sunan da kuma dalilin raɗa shi. "Nickname" suna ne da wasu suke liƙa wa mutum, ko yana so ko ba ya so, kuma ba ya ɓoye kowa, kamar yadda mai kiran abokinsa Dogo ya san sunansa na yanka sarai. A tsohon Turanci "an ekename" ake cewa, wato ƙarin suna, sai harafin n ya zame daga "an" ya manne wa kalmar, har ta zama yadda take a yau. Gajerun sunaye irin su Bill ga William da Peggy ga Margaret duk a nan suke. Haka ma "Iron Lady", wanda wata jaridar sojojin Tarayyar Sobiyet ta laƙaba wa 'yar siyasar Birtaniya Margaret Thatcher a 1976 da nufin suka, ita kuwa ta karɓe shi hannu bibbiyu. Irin wannan laƙabi na manyan mutane a kan kira shi "sobriquet", kalmar da aka aro daga Faransanci.

Mary Ann Evans kuwa ba wanda ya laƙaba mata George Eliot. Ita ta zaɓe shi da kanta a 1857, domin tana so a auna rubutunta ba tare da rainin da ake yi wa littattafan mata a lokacin ba, kuma domin zaman da take yi da George Henry Lewes, wanda yake da mata, ya riga ya jawo mata tsegumi a Ingila. Sunan da mutum ya ɗauka da kansa ya sa a gaban aikinsa shi ne "pseudonym", daga Girkanci, ma'anarsa sunan ƙarya, kuma idan mai shi marubuci ne sai a ce "pen name", wato sunan alƙalami. Kafin ita, 'yan matan gidan Brontë su uku sun fitar da waƙoƙinsu a 1846 da sunayen Currer da Ellis da Acton Bell, kowacce ta riƙe harafin farko na sunanta. Samuel Clemens ya fara sa hannu da Mark Twain a 1863, ya ɗauko shi daga kiran da ma'aikatan jirgin ruwa suke yi a kogin Misisifi idan zurfin ruwa ya kai gaba biyu, wato ƙafa 12. Eric Blair ya zama George Orwell a 1933, lokacin da zai buga labarin zamansa cikin talauci a Faris da Landan, ba ya so abin ya kunyata iyayensa. Akwai kuma "nom de plume", wadda take sanye da rigar Faransanci, alhali Ingilishi ne suka ƙera ta bisa tsarin "nom de guerre", sunan da soja ko ɗan gwagwarmaya yake ɗauka a fagen daga.

"Alias" daga Latin take, ma'anarta "a wani lokacin" ko "ta wata hanya", kuma ta takardun shari'a ta shiga Turanci, inda magatakarda yake sa ta tsakanin sunaye biyu na mutum ɗaya. Har gobe ba ta rabu da warin kotu ba. Duba jaridunmu na Turanci duk ranar da 'yan sanda suka yi holin waɗanda suka kama, za ka ga wane "alias" wane a jere. Ɗalibin da ya ce George Eliot "alias" ne bai karya nahawu ba, amma ya tsayar da marubuciyar a layin waɗanda ake tuhuma. Wanda yake son kalma marar nauyi sai ya ce "also known as", wadda ake taƙaitawa a.k.a.

'Yan wasa da mawaƙa nasu "stage name" ne. Ƙungiyar 'yan wasa ta Birtaniya, Equity, ba ta yarda mambobi biyu su yi aiki da suna ɗaya, shi ya sa Maurice Micklewhite, da ya tarar wani yana amfani da sunan wasan da ya fara ɗauka, ya koma Michael Caine, kuma sai a 2016 ya mayar da shi sunansa na fasfo, saboda ya gaji da tambayoyin jami'an filin jirgi. Iyakokin ba kullum suke a sarari ba. Marigayi Rabilu Musa ya fito a fim a matsayin Ibro, jama'a suka ci gaba da kiransa haka a titi, har sunan ya zama na sana'a kuma laƙabi a lokaci guda.

Ƙamus ɗin yaron bai yi ƙarya ba, domin laƙabi a bakinmu yana da faɗi, yana ɗaukar inkiya da sunan wasa da sunan sana'a duka, shi kuwa Turanci ya rarraba su gida-gida. Idan takardar tana hannunka har yanzu, ni da zan ba shi rabin maki, tunda ya san matar kuma ya san sunan nata ne, sannan in sa shi ya binciko dalilin da ya sa ta ɗauke shi.

Wassalam, naka a kullum.