Ba kwaɗayi ne ya kai ni hannunsu ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Tun daren da kuka sa shirin nan na damfarar rance a rediyo maganar baƙonku ta tsaya mini a rai, na yi ta danne zuciyata har na ga gara in rubuto. Sau uku ina ƙirgawa ya ce kwaɗayi mabuɗin wahala, wai duk wanda aka damfara da sunan rance son banza ne ya ja masa. Mai gabatarwa kuma sai "haka ne, haka ne" yake ta yi. Ni ina cikin waɗanda ya zaga, kuma ban yarda ba.

Mahaifiyata ce a kwance, likita ya ce aiki za a yi mata cikin mako guda. Albashina ya riga ya tafi a magani da gwaje-gwaje, 'yan uwa kowa ya kawo abin da ya samu, bai kai ba. Na je banki aka ce in kawo takardu da mai tsaya mini, in jira. Ciwo kuwa ba ya jira. A daren nan, ina zaune a kan benci a bakin ɗakin da aka kwantar da ita, na ga talla a Facebook: rance cikin awa 24, ba jingina, ba mai tsayawa. Wane kwaɗayi ne a nan, Malam? Bashi na je nema, wanda zan biya har da ƙari. Mai kwaɗayi kyauta yake nema. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Na taɓa tallar, ta kai ni WhatsApp. Wata mace ce ta amsa, da ladabi, har tana yi wa mahaifiyata addu'ar samun sauƙi. Ta turo fom mai tambari, na cika. Ko awa ɗaya ba a yi ba ta ce an amince da rancena, in ji daɗi. Ba su tambayi takardar albashina ba, ba su tambayi ko akwai wani bashi a kaina ba. Yanzu na gane nan ne ya kamata gabana ya faɗi, domin mai ba da kuɗinsa da gaske sai ya bincika ko za ka iya biya. A lokacin kuwa hamdala na yi.

Sai ta ce saura kuɗin rajista, ɗan kaɗan ne, bai fi kashi 2 cikin ɗari na abin da na nema ba, kuma za a haɗo mini da shi idan kuɗin sun fito. Na tura. Da safe ta turo hoton da ke nuna wai an saki kuɗina amma sun maƙale, sai na biya kuɗin inshora. Na tura. Da la'asar wani namiji ya kira, ya ce shi ne manaja, wai lambar asusuna da na rubuta akwai kuskure, tsarinsu ya kulle kuɗin, sai an biya kuɗin gyara kafin ya buɗe. Na duba fom ɗin da na cika sau biyar, babu kuskure ko ɗaya. Duk da haka na tura, kuma wannan karon kuɗin da ƙanwata ta sayar da abin hannunta ta kawo ne.

Na san za a ce me ya sa ban tsaya a na biyu ba. Abin da baƙonku bai sani ba ke nan, domin bai taɓa shiga ba. Idan ka biya na farko, ba rancen kaɗai kake bi ba kuma, kana bin kuɗinka da suka riga suka tafi. Tsayawa yana nufin ka yarda an cuce ka, ka koma gaban 'yan uwanka ka faɗa musu da bakinka. Su kuwa sun san haka sarai, shi ya sa suke farawa da kaɗan, kuma kowane biya sai su rantse shi ne na ƙarshe. Suna kuma sa maka wa'adi: in ba ka tura kafin ƙarfe huɗu ba an soke, abin da ka biya ya bi ruwa. Ba sa barinka ka zauna ka yi shawara da kowa.

Abin da ya farkar da ni shi ne da manajan ya ce in karanto masa lambobin da banki ya turo mini ta saƙon waya. A jikin saƙon kansa an rubuta kada a faɗa wa kowa. Na ce ba zan bayar ba. Nan take muryarsa ta canza, ya kashe, suka toshe lambata. Da na koma na duba rasit ɗin, duk ukun asusun mutane daban-daban na tura wa, babu mai sunan kamfani ko ɗaya.

Minti arba'in kuka ba mutumin nan, bai faɗi magana guda ɗaya da za ta ceci mai sauraro ba, alhali gajeriya ce: duk wanda ya yi maka alkawarin rance tabbas, sannan ya ce ka fara turo kuɗi kafin ya ba ka, ɓarawo ne. Masu ba da rance na gaskiya suna da caji, ba na musu, amma a rubuce yake cikin yarjejeniya, kuma galibi daga cikin rancen ake cirewa ko a haɗa shi cikin abin da za ka riƙa biya. Ba kuma a tura shi asusun wani mutum, balle a ce ka sayi katin waya ka karanto lamba. A Amurka doka ce ma ta haramta wa kamfani ya yi wa mutum alkawarin rance ta waya sannan ya karɓi kuɗi kafin ya bayar. A Birtaniya hukumar FCA mai kula da harkokin kuɗi tana da rajistar da kowa zai iya dubawa ya ga ko kamfani yana da izini. Hukumomin da ke kula da bankuna a ƙasashe da dama suna wallafa sunayen masu lasisi. Me ya hana a gaya wa mutane su duba? A kuma ƙara musu da cewa macutan suna aron sunan kamfani na gaske da tambarinsa, don haka lambar da za ka kira ka tabbatar ita ce wadda ka samo da kanka, ba wadda suka turo maka ba.

Baƙon naku bai kuma ce komai ba game da abin da ke biyo baya. Bayan kwana tara wani ya kira ni, ya san sunana, ya san nawa na rasa, ya ce aikinsu ƙwato wa mutane kuɗinsu, in biya kuɗin buɗe fayil kawai. Wa ya ba shi labarina in ba su ba? Na kuma yi jinkirin kwana biyu kafin in sanar da bankina saboda kunya, ma'aikacin ya ce da na zo a ranar da wataƙila an iya riƙe wani abu. Irin maganar baƙonku ce take haifar da wannan kunyar. Wanda aka kira makwaɗaici a rediyo ba zai fito ya kai ƙara ba, sai ya yi shiru, su kuma su wuce kan na gaba.

Mahaifiyata an yi mata aikin daga baya, abokan aikina ne suka haɗa. Ƙanwata kuwa har yau ina biyanta kaɗan-kaɗan, kuma ba ta taɓa yi mini gori ba.

Sannan don Allah ku duba layin wayarku na kiran masu sauraro. Daren shirin na kira ya fi sau goma, ko dai a ce layin yana aiki ko a ɗauka a ajiye. Waɗanda suka samu shiga kuma rabinsu gaishe-gaishe suka yi har lokaci ya ƙare. Wata baiwar Allah ta fara ba da labarin yadda aka yi mata, kuka katse ta kuka sa talla, ba ku dawo da ita ba.

Ina roƙon ku maimaita shirin, ku kawo wanda abin ya taɓa faɗa wa ya zauna kusa da masanin. In kun rasa, ni zan zo.

Wassalam,
Mai sauraronku na kullum