Ma'aikatanmu a Legas: Albashi Ɗaya, Gida Biyu

Assalamu alaikum Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana 'yan Arewa masu aikin albashi a nan Legas. Ba 'yan kasuwar Mile 12 ko Alaba Rago nake nufi ba, su sun daɗe da sanin cewa yau riba gobe faɗuwa. Da mu masu rataya katin aiki a wuya nake, na bankuna da kamfanonin Ikeja da Apapa. Ni a sashen biyan albashi nake aiki, kuma duk wanda aka miƙa wa takardar sallama a gabana yake fara tsayawa ya tambayi nawa zai samu. Sau da yawa nakan tarar wannan kuɗin shi ne iyakar abin da ya mallaka.

Ba almubazzaranci ya jawo haka ba. Bahaushe a Legas gida biyu yake riƙewa da albashi ɗaya. Nan ga haya a Agege ko Idi-Araba, ta shekara guda a dunƙule, ga la'adar dillali, ga kuɗin mota kullum. Can gida kuwa ga iyaye, ga takin damina, ga makarantar ƙanne, ga biki da suna da asibiti. Da zarar an ce "ai yana Legas", an gama yanke hukuncin cewa yana da shi, shi kuma kunya ta hana shi cewa babu. Haka wata ke ƙarewa ba a ajiye ko sisi ba.

To, ƙasa ta canja. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta wuce 1,000 kafin ƙarshen 2024. Dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. A 2023 ne kamfanonin GSK da Procter & Gamble suka sanar da naɗe tabarmarsu ko dakatar da sarrafa kaya a Najeriya. Wa ya taɓa zaton aiki a irin waɗannan wurare zai ƙare?

Shawarata ta farko ita ce mafi nauyi a baki: mutum ya zauna da mahaifinsa ko babban wansa ya faɗa musu gaskiyar abin da yake samu da abin da Legas ke cinyewa, sannan a tsayar da adadin da zai riƙa aikawa duk wata. Wannan ba yanke zumunci ba ne. Ranar da aiki ya tsaya babu ajiya, tukunya biyu ce za ta daina tafasa, ta Legas da ta gida, kuma iyayen da ake jin nauyin faɗa wa gaskiya su za su fi shan wahala. Iyaye sun fi mu fahimta idan aka yi musu bayani cikin ladabi.

Daga nan a ware wani abu ranar da albashi ya shigo, kafin waya ta fara ƙara, a zuba shi a asusun da ba shi da katin cirar kuɗi, har ya kai na cefane da haya na wata uku zuwa shida. Na san naira tana zagwanyewa a ajiye, amma wannan kuɗin ba don riba aka tara shi ba, don a same shi a ranar da ake buƙata ne. Kuma kada a jibge komai a banki ɗaya. Da aka soke lasisin Bankin Heritage a Yunin 2024, naira miliyan 5 ce iyakar abin da NDIC, hukumar inshorar ajiyar banki, ta lamunce wa kowane mai ajiya, sauran sai an jira sayar da kadarori.

Wanda ke gudun kuɗin ruwa ba shi da hujjar barin kuɗinsa a kwance. Akwai bankunan da ba sa harkar ruwa irin su Jaiz da TAJ da Lotus, akwai sukuk, wato takardun zuba jari marasa ruwa, na gwamnatin tarayya tun 2017, da naira 10,000 ma ana shiga. Abin da za a guje wa shi ne masu alkawarin ninka kuɗi a wata guda. MMM ta ci mutane a 2016, CBEX ta maimaita a 2025, kuma masu digiri na cikin waɗanda suka faɗa.

Sai fansho, inda sakacinmu ya fi ba ni tsoro. Dokar 2014 ta ce a cire kashi 8 daga albashin ma'aikaci, kamfani ya ƙara kashi 10. Amma ganin an cire a takardar albashi ba shi ne shaidar kuɗin ya isa asusunka ba. Ka nemi bayanin asusu daga kamfanin fanshonka, ka duba wata-wata, in ka ga giɓi ka yi magana tun kana bakin aiki. Ka sani kuma idan aka sallame ka, ka yi wata huɗu ba ka sami wani aiki ba, kana da damar karɓar kashi 25 na abin da ya taru. Tun 2021, cikin rukunan asusun fansho akwai na shida (Fund VI) da ake juya shi ba tare da ruwa ba, sai dai ba a mayar da kowa can sai ya nema da kansa.

Dokar nan ta kuma wajabta wa kamfani yi wa ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Na ga iyalai sun ɗauki gawa zuwa Arewa, ba su sake waiwayar Legas ba, don ba wanda ya taɓa gaya musu akwai haƙƙin marayu a nan. Don Allah kowa ya rubuta sunan kamfanin fanshonsa da lambar asusunsa, ya ba matarsa kwafi, ya ba ɗan'uwa guda a gida, ya kuma je ofis ya sabunta sunan magajin da ya cike tun yana saurayi.

Naku,
Wani ma'aikacin sashen albashi,
Agege, Legas