Wariyar launin fata a wurin aiki: wa'adin shigar da ƙara ba ya jiran mai haƙuri

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da dukkan abokan aikinku, na rubuto ne game da tattaunawar da kuka yi kwanan baya kan wariyar launin fata a wuraren aiki. An yi bayani mai gamsarwa kan yadda abin ke ci wa mutum rai, amma aka tashi ba a faɗa wa wanda abin ya shafa matakin da zai ɗauka ba. Shawarar da ta fi yawa daga waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu ita ce a yi haƙuri. Ba na raina haƙuri. Sai dai a wannan fagen doka ta ɗibar wa mai ƙorafi kwanaki ƙidayayyu, idan kuma suka shige, ko yana da gaskiya kamar me, da wuya kotu ta saurare shi. Zan tsaya kan Amurka da Birtaniya, domin dokokinsu a kan wannan batu a rubuce suke dalla-dalla, kuma an daɗe ana gwada su a gaban alƙalai.

A Amurka, babi na bakwai na Dokar 'Yancin Jama'a ta 1964 ya haramta nuna bambanci saboda jinsin da mutum ya fito, ko launin fatarsa, ko addininsa, ko ƙasarsa ta asali, ko don shi namiji ne ko mace. Ya shafi duk kamfanin da ke da ma'aikata 15 ko fiye. A Birtaniya kuwa Dokar Daidaito ta 2010 ce ke aiki a Ingila da Wales da Sikotilan, kuma ta haɗa launin fata da ƙabila da ƙasar asali da ƙasar da mutum ke riƙe da fasfonta duk a ƙarƙashin kariya ɗaya. Ireland ta Arewa tana da tata dokar daban. A ƙasashen biyu kariyar tana farawa tun ranar da mutum ya nemi aiki, ta bi shi zuwa albashi da horo da ƙarin girma da rabon aiki, har zuwa sallama. A Birtaniya ba a buƙatar ma'aikaci ya daɗe a wurin kafin ya kai ƙarar wariya. Wanda ya kama aiki jiya yana da wannan haƙƙi.

Mutane da yawa suna ɗauka sai an zage su da kalmar wariya ƙarara sannan suke da abin faɗa. Doka ta fi haka faɗi. Akwai bambanci na kai tsaye, inda za a hana ka abin da aka ba wani mai matsayi irin naka saboda fatarka. Akwai kuma na fakaice: a kafa ƙa'idar da ta hau kan kowa, amma ta fi zubar da mutanen wani jinsi, alhali aikin bai buƙace ta ba. Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da wannan a shari'ar Griggs da kamfanin Duke Power a 1971, inda aka gindaya shaidar kammala sakandare da wata jarrabawa ga ayyukan da ba a nuna suna buƙatarsu ba, abin da ya tsame baƙar fata da yawa. Sai muzgunawa, wato ba'a da habaici da kwaikwayon lafazin mutum da laƙabin wulaƙanci, waɗanda ke mai da wurin aiki wurin da ba a iya zama. Na ƙarshe shi ne ramuwar gayya ga wanda ya yi ƙorafi ko ya ba wani shaida. Wannan laifi ne mai zaman kansa. Ko da kotu ta ga ba a tabbatar da wariyar ba, idan an hukunta mutum don ya yi ƙorafi da zuciya ɗaya, zai iya cin nasara a kan ramuwar. Ita ce ma zargin da aka fi kai wa EEOC, hukumar Amurka mai karɓar ƙorafin wariya a wurin aiki.

Yanzu ga maganar wa'adi, wadda ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

A Amurka ba a zarcewa kotu a ƙarƙashin dokar 1964. Sai an fara shigar da ƙorafi a hukumar EEOC cikin kwana 180 daga ranar da abin ya faru. Wa'adin yana kaiwa kwana 300 a jihohin da ke da tasu hukumar mai hana irin wannan bambanci, kuma su ne mafi yawa, amma kada mutum ya dogara da hakan bai bincika jiharsa ba. Ma'aikacin gwamnatin tarayya nasa ya fi gajarta ƙwarai: kwana 45 kacal yake da su ya tuntuɓi jami'in daidaito na ma'aikatarsa. Wurin da ake yawan yin tuntuɓe shi ne shafin hukumar na intanet. Mutum zai cike fom ɗin neman bayani, a ba shi ranar ganawa, sai ya koma gida yana zaton ya gama. Bai gama ba. Ƙorafi bai shiga ba sai an rubuta shi ya sa hannu, kuma kwanakin suna ci gaba da tafiya. Bayan ya shiga, hukumar za ta sanar da kamfanin cikin kwana 10, tana iya tayin sulhu kyauta idan ɓangarorin biyu sun yarda, ko ta yi bincike. Daga ƙarshe za ta ba da takardar izinin kai ƙara, wadda mutum ma zai iya nema da kansa bayan kwana 180. Daga ranar da takardar ta iso hannunsa, kwana 90 ne gare shi ya shigar da ƙara a kotu.

A Birtaniya mutum ya riƙe wata uku ban da kwana ɗaya a matsayin wa'adinsa. Cikin wannan lokaci dole ya sanar da hukumar sasanci ta ACAS. Sanarwar tana tsayar da ƙidayar kwanaki har a gama ƙoƙarin sulhu, sannan a ba shi takardar shaida mai lamba. Da wannan lambar zai cike fom ɗin ET1 na kotun ma'aikata, kuma yana da aƙalla wata ɗaya bayan fitowar takardar, muddin ya sanar da ACAS a kan lokaci. Ba a biyan kuɗin shigar da ƙara tun da Kotun Ƙoli ta soke shi a 2017. Alƙali yana da ikon karɓar ƙarar da ta makara idan ya ga adalci ne, amma wannan alfarma ce, ba abin da za a gina shari'a a kai ba.

Kuskuren da ya fi cinye mutane a ƙasashen biyu iri ɗaya ne. Mutum zai kai kuka sashen kula da ma'aikata, a ce masa ana bincike, a ɗage zama, a sake ɗagewa, shi kuwa yana jira da kyakkyawar niyya. Binciken cikin gida ba ya tsayar da wa'adin doka. Haka kuma ana fara ƙidaya ne daga ranar da aka yanke shawara aka sanar da mutum. Idan an hana shi ƙarin girma a watan Janairu, aka kore shi a Disamba, kowanne da nasa wa'adin, na farkon yana iya mutuwa kafin na biyun ya zo. Muzgunawa mai ci gaba kuwa ana haɗa ta a ɗauke ta abu ɗaya, idan na ƙarshenta ya faɗa cikin wa'adi.

Duk da haka ƙorafin cikin gida wajibi ne a yi shi, kuma a rubuce. A Amurka, idan muzgunawa ce da ba ta kai ga kora ko rage matsayi ba, kamfani yana iya kuɓuta idan ya nuna yana da hanyar karɓar ƙorafi amma ma'aikacin bai bi ta ba. A Birtaniya kotu tana iya ƙara diyya ko rage ta har zuwa kashi 25 cikin ɗari gwargwadon wanda ya yi watsi da ƙa'idojin ACAS na sauraron ƙorafi. Sannan kalmomin da aka yi amfani da su suna da nauyi. Wanda ya rubuta cewa shugabansa ba ya yi masa adalci bai sami kariya daga ramuwa ba, domin rashin adalci kawai ba laifin wariya ba ne. Ya rubuta a fili cewa yana ganin ana yi masa haka ne saboda launin fatarsa ko asalinsa, ya kawo rana da wuri da abin da aka yi. Na san mutane da dama suna jin nauyin furta wannan, suna tsoron a ce sun cika ƙorafi. Amma jimlar nan ita ce ke mai da takarda ta zama abin da doka ke karewa.

Hujja kuwa ba kasafai take zuwa da sunanta ba. Babu manajan da zai rubuta cewa ya kori mutum don baƙi ne. Shi ya sa kotuna suka tsara hanyar da ake bi. A Amurka tun shari'ar McDonnell Douglas ta 1973, ma'aikaci zai nuna ya cancanta kuma an cutar da shi a yanayin da ke jawo zargi, kamfani ya kawo dalilinsa, sai ma'aikaci ya nuna dalilin fakewa ce. A Birtaniya sashe na 136 na dokar 2010 yana mai da nauyin kare kai kan kamfani da zarar ma'aikaci ya kawo abubuwan da za a iya fahimtar wariya daga cikinsu. Abin da ke cin shari'a a nan shi ne kwatance: wane ne ya yi irin laifin da aka ce ka yi, a ƙarƙashin shugaba ɗaya, amma aka bar shi? Wane ne aka ɗaga sama da kai alhali bai kai ka shekarun aiki ko takardu ba? Sai kuma sauyin baki. Idan takardar sallama ta ce rage ma'aikata ne, a gaban hukuma kuma aka ce rashin ƙwazo, wannan saɓanin hujja ce babba.

Don haka mutum ya buɗe littafi tun ranar farko, ya ajiye shi a gida, ba a kwamfutar ofis ba, wadda za a rufe masa a ranar da aka sallame shi. Ya rubuta rana da lokaci, kalmomin da aka faɗa yadda aka faɗe su, da waɗanda ke wurin. Ya adana takardun albashi, rahotannin auna ƙwazonsa, musamman na kafin ya yi ƙorafi, da tallan gurbin da aka hana shi. Abubuwa biyu ya kiyaye. Kada ya kwashi takardun sirrin kamfani ko bayanan abokan hulɗa, domin wannan kaɗai ya isa a kore shi bisa ƙa'ida. Kada kuma ya ɗauki muryar kowa a ɓoye bai san dokar wurin ba. A jihohi irin su Kalifoniya sai kowa ya amince. A Birtaniya yana da hanya mai tsabta: dokar kare bayanai ta ba shi damar neman duk abin da kamfani ya ajiye game da shi, kuma yawanci sai an amsa cikin wata ɗaya.

Game da abin da ake samu, kotu tana iya ba da albashin da aka rasa, da mayar da mutum bakin aiki ko biyan shi asarar gaba, da diyyar ɓacin rai. Dokar 1964 ta yi wa diyyar ɓacin rai da ta horo iyaka a haɗe: dala 50,000 ga kamfani mai ma'aikata 15 zuwa 100, dala 100,000 zuwa ma'aikata 200, dala 200,000 zuwa 500, sai dala 300,000 ga wanda ya haura haka. Albashin baya ba ya cikin wannan iyaka. Akwai kuma ƙofar da mutane da yawa ba su sani ba, wato sashe mai lamba 1981 na kundin dokokin Amurka, wanda ya samo asali daga dokar 1866. Ba shi da iyakar diyya, bai damu da yawan ma'aikata ba, ba sai an bi ta EEOC ba, kuma a mafi yawan ƙararrakin da suka shafi wanda ya riga ya kama aiki wa'adinsa shekara huɗu ne. Sai dai ya tsaya kan launin fata da tsatso, kuma tun hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 2020 dole mai ƙara ya nuna ba don launin fatarsa ko tsatsonsa ba da abin bai same shi ba. Wanda wa'adin EEOC ya kuɓuce masa ya tambayi lauya game da wannan sashe kafin ya fid da rai. A Birtaniya diyyar wariya ba ta da iyaka, kuma ta ɓacin rai hawa uku ce. A ma'aunin da aka fitar a Afrilun 2025, an fara ne daga fam 1,200 zuwa 12,100, sai zuwa 36,400, sai zuwa 60,700 ga mafi muni. A ko'ina wanda aka kora dole ya nuna ya ci gaba da neman aiki, don haka ya ajiye shaidar duk inda ya nema, in ba haka ba a zaftare kuɗin.

Kada kowa ya ajiye aiki cikin fushi bai nemi shawara ba, domin tabbatar da cewa tilasta masa aka yi abu ne mai wuya. Kada kuma ya sa hannu a takardar kuɗin sallama a ranar da aka miƙa masa, saboda galibi a cikinta akwai yafe haƙƙin kai ƙara. A Birtaniya irin wannan yarjejeniya ba ta inganta sai mutum ya sami shawarar lauya ko wani mashawarci mai zaman kansa da doka ta yarda da shi. Wanda kuma bizarsa ke rataye da kamfanin da yake wa aiki, kariyar ta haɗa da shi, amma ya ga lauyan shige da fice tare da na ƙwadago, domin bayan kora yawanci kwana 60 ake ba shi ya sami wani mai ɗaukar nauyinsa.

Roƙona gare ku, Malam Edita, ku sake ɗauko wannan batu, ku gayyato lauyan ƙwadago da wakilin ƙungiyar ma'aikata, ku ba jama'a dama su yi tambaya kan ƙasar da kowa yake, musamman a kan wa'adi.

Wassalam,
Mai bibiyarku a kullum.