Wasiƙa daga Faransa: shirin zuwa Jura a watan Satumba

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da iyali kuna lafiya, Inna kuma ƙafar ta yi sauƙi. Tunda biza ta fito kuma ka ce ba ka son kwanakin hutun su ƙare a cunkoson Paris, shawarata ku ware kwana huɗu ku je Jura. Yanki ne a gabashin Faransa, kusa da iyakar Suwizalan. An san shi da inabi da giya, kuma na san abin da Inna za ta ce in ta ji haka. Ka kwantar mata da hankali, abin kallo a can noma ne da kiwo da tarihi, ba wanda zai tilasta muku shan komai. Sai dai akwai wuraren da baƙo ke faɗawa cikin kuskure, su zan fi tsayawa a kai.

Daga tashar Gare de Lyon za ku hau jirgin ƙasa mai gudu zuwa Dole, tafiyar kamar awa 2 ce. Ka sayi tikiti tun yanzu ta intanet, don kuɗinsa yana hawa ne in rana ta matso. Daga Dole akwai ƙaramin jirgi zuwa Arbois, galibi da canji a Mouchard. Ku sauka a Arbois, daga nan komai kusa ne. Amma ƙauyuka ba motar haya kamar yadda muka saba, gara ka ɗauki hayar mota tun daga Dole. Lasinka na Nijar da Faransanci aka rubuta shi, yana aiki ga mai gajeren zama. Abin da ke hana mutane mota shi ne katin banki: sai sun riƙe kuɗin jingina a kai, ba sa karɓar tsaba.

Gonakin inabin wajen kadada 2,000 ne kawai gaba ɗaya, shi ya sa ko Faransawa da yawa ba su taɓa zuwa ba. A jikin tudu ake dasa su, layi-layi, a ƙasa mai yumɓu launin toka. In an yi ruwa yumɓun nan yana kama takalmi har ya yi nauyi, don haka ku zo da sau-ciki mai ƙarfi. Satumba lokacin girbi ne, za ku ga ana yanke nonon inabi da ƙaramin almakashi ana zubawa a bokiti. Kar yara su tsinka ko ɗaya. Gonar mutum ce, kuma ana fesa wa ganyen maganin da ke da jan ƙarfe a ciki, shi ke sa ka ga ya yi shuɗi-shuɗi. In wani ya ce maka ana ɗaukar ma'aikatan girbi, ka rabu da shi, bizar ziyara ba ta halatta aiki ba. Babban abin da manoman ke tsoro shi ne sanyin Afrilu: itacen ya fara toho, sai raɓa ta daskare da asuba ta ƙone shi. Haka ya faru a 2021, wasu har kyandirori suka kunna cikin gona dare guda, amma asarar ta yi yawa.

Yanzu batun ci da sha. Giyar da suke alfahari da ita ita ce vin jaune, wadda ke shekara 6 da wata 3 kafin a sayar, a kwalba mai santilita 62. Wannan ba za ta ruɗe ku ba, sunanta a fili yake, vin giya ce da Faransanci. Wadda ke ruɗar baƙi ita ce Macvin. Ruwan inabi ne mai zaƙi da aka haɗa da barasa mai ƙarfi, ana miƙa ta a ƙaramin kofi kafin abinci, mutum ya zaci lemo ne. Ka ce jus de raisin kake so, wato ruwan inabi marar barasa, kuma ka duba kwalbar da idonka. A gidan abinci, kazar da aka fi tallatawa da vin jaune ake dafa ta, narkakken cuku da ake kira fondue shi ma da giya ake kwaɓa shi, tsiran Morteau kuwa alade ne tsantsa. Ku tsaya a kifi da ƙwai da dankali, kifin ma ka tambaya ko an sa giya a miyar. In masaukin yana da kicin, ku sayi nama a mahautan halal a babban gari kafin ku shiga ƙauye. Gidajen abinci daga 12 zuwa 2 suke ba da na rana, wanda ya makara sai dare. Shaguna da yawa a rufe suke ranar Lahadi da yamma da kuma Litinin.

Kai da ka san shanu, kar ka tsallake Poligny, tafiyar minti kaɗan daga Arbois. Nan ne cibiyar cukun Comté, akwai gidan da ake nuna yadda ake yin sa. Dunƙule ɗaya yana kai kilo 40, yana cin madara wajen lita 400, kuma ba a fitar da shi sai ya yi aƙalla wata 4 a rumbu ana juya shi ana goga masa gishiri. Makiyaya ne ke haɗa madararsu kullum a wuri ɗaya, don ba mai garken da zai cika tukunya shi kaɗai. In za ku kai wa Inna, ka ce su naɗe a ledar da aka zuƙe iskarta.

A Arbois akwai gidan Louis Pasteur, masanin kimiyyar ƙwayoyin cuta, wanda aka haifa a Dole a 1822, da ɗakin bincikensa yadda ya bar shi. Awa ɗaya ta isa.

Inda za ku daɗe shi ne Salins-les-Bains. A Bilma rana ce ke ƙafar da ruwan gishiri, su kuwa nan ba su da irin wannan rana, sai suka riƙa jawo ruwan daga ƙarƙashin ƙasa suna tafasa shi a manyan farantan ƙarfe har ya ƙone ya bar gishiri. Aikin yana cin itace ba kaɗan ba, shi ya sa a ƙarni na 18 aka gina wata masana'anta a Arc-et-Senans kusa da daji, aka tura mata ruwan ta bututun katako mai tsawon kilomita 21. An daina dafa gishiri a Salins a 1962, amma famfon da ruwa ke juyawa yana nan yana aiki a cikin ramin. Ana sauka ne ta matakala, ciki da sanyi, ku riƙe rigar sanyi, kuma ka kama wuri tun da safe don da jagora ake shiga.

Ƙauyukan nan ba masallaci, ku tafi da darduma, ka kuma sa jadawalin salla na Dole a wayarka. Ka turo mini ranar saukarku da lambar jirgin in zo tarye.

A gaishe da Inna da Baba da yara duka.

Ƙaninka