Wa ya gaya wa baƙonku babu ruwa a Nguru?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shirinku na ranar Asabar da yamma ya hana ni cin tuwo. Ina zaune a ƙofar gida da rediyona a kan tabarma, sai na ji baƙon da kuka gayyato yana cewa wai Turawa sun ja layin dogo har cikin rairayi suka yar da shi a Nguru, garin da ba komai sai ƙura da rana. Mai gabatarwa ya ƙyalƙyale da dariya ya wuce gaba. Wallahi dariyar nan ta fi maganar ci mini rai.

Mutumin nan ya taɓa zuwa Nguru kuwa? Daga inda nake rubuta wannan takarda, in na taka kaɗan ina bakin tafki. Ruwa ne da ke gangarowa daga Kogin Haɗeja ta hanyar ruwan da ake kira Marma, har a shekarar 2000 aka sa shi cikin manyan dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Tsuntsaye na tasowa tun daga Turai su yi hunturu a wajenmu, su ba su ɓata hanya ba, sai masanin da ke zaune a ɗaki mai sanyi.

Kuma Bature ba wawa ba ne. Da ya kawo dogo nan daga Kano a 1930, tafiyar fiye da kilomita 200, riba ya biyo: gyaɗa, ƙaro, fata da ƙirgi, shanun da ake korowa daga ƙasar Nijar, busasshen nama, da bandar kifi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da bandar nan ya ciyar da mu goma sha ɗaya. Ni nake riƙe masa igiya yana ɗaure kwalaye, in an gama in bi ɗan dako har bakin tarago, warin hayaƙin tarwaɗa ya kwana uku bai bar rigata ba.

A tashar nan muka yi wayo. Mukan kwanta mu kafa kunne a kan ƙarfen dogo mu ji ko ya taso, duk wanda ya riga jin ƙugin shi ne sarkin ranar. Mukan ɗora ƙusa a kan layi, in jirgi ya bi ta kanta ta baje, mu wasa ta a dutse ta zama wuƙar yankan goruba. Na sha bulala a kan haka ba sau ɗaya ba. Da hunturu, in hazo ya rufe gari, sai ka ji kukan jirgi tun da nisa amma ba ka ga komai, can sai fitilarsa ta ɓullo ja-ja kamar garwashi, mata masu soyayyen karfasa su miƙe da farantai a ka. Har yau zan iya jero maka tashoshin: Ringim, Gagarawa, Malam Madori, Birniwa, sai gida. Na tsufa, gwiwa ta ƙi, amma da la'asar nakan je in zauna a can in kalli layin, ko akwai jirgi ko babu.

Zafi kam muna da shi, ban musa ba. A watan Afrilu da Mayu ko kaza ba ta yawo da azahar. To ya zo da asuba a watan Janairu ya shiga kwalekwale da masunta, iskar tafki ta tsaga masa leɓe, mu ga ko zai sake cewa ba mu san komai ba sai rana. Ya zo a Agusta ya ga shinkafa kore shar, kirinjijiya da ɗinya sun cika fadama.

Da abin da ke damunmu ya faɗa, da na yi masa godiya. Ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, tsuntsayen jan baki sun samu mafaka a cikinta suna yi wa shinkafa ɓarna, kuma tun da aka gina madatsun Tiga da Chalawa ruwan bai ƙara zuwa yadda iyayenmu suka san shi ba. Wannan ita ce magana. Ko kalma ɗaya bai ce a kai ba.

Na kira lambar da kuka bayar sau bakwai don in gyara masa, ba a ɗauka ba. Tun da na riga na ɗauki biro, don Allah ku daina sa tallan mai maganin basir daidai lokacin da mutane ke cin abincin dare. Da surukaina nake sauraro.

Ku gaya wa baƙon naku ya zo, masauki na wuyana. Ya taho da rigar sanyi.

Naku mai sauraro,
daga Nguru, Jihar Yobe.